Ranar da Kayan Aron Matar Yaya Suka Dawo Gida

Na Allah muke dukkanmu, mai wasa da mai ɗaure fuska, kuma gare shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Safar, da hantsi, Allah ya karɓi ran matar yayana a asibiti. Zazzaɓi ne muka raina shi, ashe shi ne ajali. An sallace ta bayan azahar. Ni ne ƙanin mijinta, mai facin taya a bakin titi, wanda duk layinmu ya sani da tsokana, ita ce kuma mutum ɗaya da ban taɓa ja da ita na ci riba ba. Yau da ke zan yi magana, matar Yaya, kamar yadda muka saba, sai dai wannan karon ba za ki rama ba.

Ni na laƙaba miki Hajiya Ba-Komai, sunan kuma ya bi ki har yaran layi suka ɗauka shi ne na gaskiya. Duk wanda ya yi sallama ya ce aron abu ya zo, kafin ya rufe baki kin ce, "Ba komai, ɗauka." In ya dawo da shi a lotse yana kame-kame, ki ce, "Ba komai, dama ya tsufa." Na taɓa ganin an dawo miki da tukunya babu murfi, kika yi wa matar godiya kamar ita ta saya miki.

Ke ba mai hali ba ce. Saƙar hulunan jarirai da safa kike yi a kan tabarma a tsakar gida, abin da kika samu kuma ba ya tafiya a sutura. Abin da kike saya shi ne irin kayan da gida ke buƙata sau ɗaya a shekara amma ba ya iya mallaka: babbar tukunya mai cin mutum biyu a ɗauka, tsani, baro, kujerun roba, fulas ɗin ruwan zafi na masu jego, dutsen guga, har da sandunan dogarawa na masu karaya. Yaya kafinta ne, shi ya kafa miki katakai a ƙaramin ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, kika jera su. Ɗakin nan ban taɓa ganinsa a cike ba. Kullum rabin kayan suna gidajen mutane.

Ba kya rubuta sunan kowa, ba kya tambayar ranar dawowa. Dabararki ɗaya ce. Akwai gwangwanin shuɗin fenti da kika ƙwace a shagon Yaya. Duk abin da kika saya, sai ki tsoma babban yatsanki ki dangwala masa a gindi. Na tambaye ki ko tsoron ɓarayi kike, kika ce, "A'a, don kayan su san hanyar gida ne."

Akwai abin da na gani a wurinki wanda ban gani a wurin kowa ba. Matar mai gadin layinmu mace ce mai kunya, gara ta dafa abinci kashi uku a ƙaramar tukunya da ta buɗe baki ta roƙa. Da kika gane haka, sai kika fara zuwa gidanta aron rariya, alhali kina da guda biyu a rataye. Kika yi ta aro kina mayarwa har ta saki jiki ta fara zuwa naki. Da na ce zan tona, kika nuna ni da allurar saƙa kika ce in na kuskura sai kin ɗinke mini baki. Ni ma ranar da na buɗe wurin facina, famfon iskar da na fara aiki da shi daga ɗakinki ya fito.

Gwangwanin fentin nan kuwa ya ga hannuna. Ranar da Yaya ya yi barcin rana a kan bencin shago, na dangwala masa a ƙeya, ya yini yana yawo da shi ana dariya bai san dalili ba. Da kika gani, ko gezau. Kika ce, "Ba komai, shi ma in ya fita ya dawo." Daga nan na bi layi ina dangwala wa kayan mutane a ɓoye, wannan bokiti, wancan kujera, don in ga rigima. Kika bari na manta, ranar da na sayi sabon takalmi na ajiye a ƙofar ɗakina, kika dangwala masa, kika ba ɗan mai gadi aro ya tafi gaida surukai da shi. Na zo ina kumfar baki, kina saƙa ko ɗago kai ba ki yi ba. "Alamata na gani a jiki, ƙanina. Ko ba tawa ba ce?"

To, bari in ba ki labarin abin da ya faru da kayanki, don na san ko kina ina za ki so ki ji.

A wurin zaman gaisuwa Liman ya yi magana ɗaya, ta gaskiya, ya ce duk wanda ke riƙe da kayan marigayiya ya dawo da su don a raba wa magada haƙƙinsu. Mutanen layinmu kin san su da tsoron haƙƙin mamaci. Washegari sai ga su a jere kamar ana rabon wani abu. Tsani ya dawo daga gidan da ba a gama gyaran rufi ba. Fulas ya dawo daga wurin mai jegon da ba ta gama buƙatarsa ba. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne mai aski. Kin tuna ya faɗi a babur ya karye a ƙafa, ke da kanki kika aika masa da sandunan. Ya zo rataye da kafaɗar maƙwabcinsa yana tsalle da ƙafa ɗaya, ya jingina su a bango. Na ce ya mayar da su har ya warke. Ya ce, "Ni ba zan taka ƙasa da haƙƙin magada ba." Ya koma yadda ya zo. Tun ranar shagonsa yake rufe, don ba ya iya kaiwa can balle ya tsaya a kan mutum, kuma da askin nan yake ciyar da gidansa.

Yaya ya karɓi komai. Ya jera su a kan katakan, ɗakin ya cika har ƙofa a karon farko, ya sa kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Allah bai ba ku haihuwa ba, don haka magadanki uku ne: shi, da Inna mahaifiyarki, da ƙanwarki. Liman ya yi masa maganar rabo, Yaya ya ce a dakata. Daga baya ya aika wa Inna cewa zai fanshi rabonsu, kayan su zauna inda suke, kada a taɓa ko cokali. Na yi masa maganar mai aski, ya ce zai sassaƙa masa wasu sandunan. Kwanaki suka wuce bai ko ɗaga zarto ba. Abin da yake yi, in ya dawo daga sallar asuba sai ya buɗe ɗakin ya shiga ya turo ƙofa. Na leƙa ta taga, ai kin san ni. Na gan shi yana ɗaukar kayan ɗaya bayan ɗaya yana juya gindinsu yana kallo.

Rannan da safe muna zaune a ƙofar gida sai ga mai shayi da butarsa, babbar nan da ya shekara da shekaru yana dafa mana ruwa da ita. Ya dire ta gaban Yaya, fuskarsa duk damuwa.

"Maigida, a yafe mini. Jiya ina wanke ta na ga shuɗi a gindinta. Wallahi ni a sanina saya na yi, amma ka san mantuwa. Tun jiya ban runtsa ba."

Yaya ya juya butar, kallo ɗaya ya yi mata. "Wannan ba yatsanta ba ne. Nata ƙarami ne, akwai tsaga a tsakiya inda wuƙa ta taɓa yankarta. Wannan kuwa kamar an taka da kofato." Ya juyo ya dube ni. "Aikin wannan ja'irin ne."

Mai shayi ya ɗaga murfin butar zai kwaɗa mini, na goce. "Kai, Allah ya shirye ka! Na kori masu shan shayi tun asuba saboda kai!" Yaya ya yi dariya, ta farko tun da kika tafi. Ba ta yi nisa ba ta juye masa, ya sa hannun riga ya rufe fuska. Mai shayi ya ɗauki butarsa ya sulale.

Sai a lokacin na gane. Ba tukwane Yaya yake tsarewa ba. Ya ce mini, muryarsa a ƙasa, "Yatsanta ne a jikin kowanne. In suka fita, me ya rage mini?"

Ni ba malami ba ne, iyakata allo, allon ma na fi shan bulala a kai fiye da karatu. Amma wannan na san amsarsa, kuma ban ji ɗar ba. Na ce, "Yaya, shiga ɗakinta ka duba. Akwai shuɗi a jikin madubinta? Akwai a akwatin kayanta? Abin da zai zauna a ɗaki ba ta sa masa alama. Wanda zai fita take dangwala wa. Kai ka tara su ka kulle, shi kuwa mai aski yana can kwance, yaransa suna kallon tukunya."

Na ja baya kaɗan, don na san nauyin hannun kafinta. Bai ɗaga hannu ba. Sai ya tashi ya sa hula ya ce in biyo shi gidan Inna.

Mun same ta da ƙanwarki a tsakar gida. Yaya ya durƙusa daga nesa kamar yadda ya saba, ya gaishe ta, ya ce ya janye maganar fansa. Ya ce a kira Liman a raba yadda Allah ya ce, shi dai nasa rabon na kayan aron ya bar shi sadaka gare ki, ya ci gaba da yawo a layi. Inna ta ce, "Ɗan nan, ai kai muke jira. Ni da na tsufa, tsani zan hau ko baro zan tura?" Ƙanwarki ta ce ita ma ta bar nata. Aka yi komai a gaban Liman, a sarari, kowa ya faɗa da bakinsa. Suturarki da 'yan kunnenki da akwatin, Inna da ƙanwarki suka ɗauka, abin da ya yi musu yawa suka ba mabuƙata. Kwandon saƙarki ya faɗa a rabon Inna. Akwai wata 'yar hula a ciki da ba ki gama ba, allurar tana soke a jiki. Yaya ya yi ta kallonsa har muka miƙe, sannan ya ce, kansa a sunkuye, "Inna, ko za a ba ni aron wannan?" Ta tura masa kwandon da hannu biyu.

Da muka dawo, shi da kansa ya saɓa sandunan a kafaɗa ya kai wa mai aski har bakin gado. Washegari shagon askin ya buɗe, wanda aka fara yi wa aski kuma Yaya ne, don sumarsa ta taru har ta fara ba yara tsoro. Yaya ya cire kwaɗon ɗakin kayan aron gaba ɗaya, ya sa sakata kawai saboda awaki.

Sai dai zan kawo miki ƙararsa, matar Yaya. Mutumin nan bai iya ba da aro ba. Matar mai gadi ta zo neman babbar tukunya, ya tsare ta da tambaya: taron me za a yi, mutum nawa, yaushe za a dawo da ita, a kula da murfin. Baiwar Allah ta juya za ta tafi don kunya. Sai da na taka masa ƙafa ya farga, ya ɗauki tukunyar shi da ni muka bi ta da ita har gida, yana ba ta haƙuri a hanya. Zai koya. Ina nan a kansa, kuma kin san ba na gajiya.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo gare ka. Ba ta taɓa mayar da mai buƙata hannu wofi ba, kada ka mayar da ita. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka sauƙaƙa mata tambaya. Duk ruwan da aka dafa a tukunyarta, duk takun da aka yi da sandunanta, ka rubuta mata ladansa har ranar tsayuwa, ka sa Aljanna ce makomarta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, Allah ya sanyaya mata zuciya, ya ba ta ladan haƙuri. Ga ƙanwarta da sauran dangi, da mutanen layinmu da aka yi wa rashin tare da mu. Ga Yayana kuma, Allah ya dafa masa, ya cike masa gurbin da babu mai iya cikewa sai shi. Mu da muka rage, Allah ya kyautata ƙarshenmu, ya sa mu cika da imani. Amin.