Mai Gilashi Ba Ya Duba Hoto

Mai Gilashi ya ajiye aiki ranar Alhamis, bayan shekara arba'in da ɗaya yana duba zinari. Idonsa na dama ne ya fara hazo. Ba a yi taro ba, ba a yi jawabi ba. Ni ba mai yabon mutane ba ne, amma wannan sai na faɗa.

Shagonsa bai fi ɗakin girki ba. Tebur ɗaya ne a jikin taga, an shimfiɗa masa baƙin ƙyalle, sai ƙaramin sikeli, sai gilashin da yake maƙalawa a ido, wanda ya ba shi suna. Ƙarfe takwas yake buɗewa, ya wanke hannu, ya zauna. Ba ya taɓa fuskar tsabar kuɗin zinari. Ta gefe yake riƙe ta, ya riƙa karkata ta a hasken taga. In hadari ya haɗo, sai ya ce a dawo gobe. Maƙwabcinsa mai gyaran agogo yana nan ranar da wani ɗan kasuwa ya nuna masa hotuna goma a waya, ya ce ya rubuta takardar cewa tsabar mai daraja ta ɗaya ce, za a yi masa alheri. Ya mayar da wayar, ya ce, "Hoto na mai fitila ne. Inda ya so yake haskawa."

Ga nawa labarin. Da matata ta rasu, ta bar tsohuwar tsabar zinari biyu, kowace a ƙulle cikin ƙyallenta: ɗaya ta babbar 'yarmu, ɗaya ta Auta. Babba tana aure nesa, ta ce a tura mata hoto. Ni tsohon direba ne, shekara talatin ban fita da mota mai datti ba. Na ga tsabar sun yi duhu, na ce ba za a ga kayan matata haka ba. Na sami toka da tsumma, na dirje ɗaya har ta ɗauki ido. Kafin in kama ta biyu masu ta'aziyya suka yi sallama. Auta ta shigo ta ɗauki hoton ta tura. Mai ƙyallin kuwa, wadda na dirje, ta Auta ce.

Babba ta ce an yi mata musanya, an bar mata ta banza. Ta daina ɗaukar wayar ƙanwarta. Auta ta kulle tsabar, ta rantse ba mai taɓa su sai a gaban yayarta. Ni ban gaya musu abin da na yi ba. A ganina uba ba ya yi wa 'ya'yansa bayani.

Na kai wa Mai Gilashi wayar. Na ce, "Ka ce duk ɗaya ne, in tura mata, a huta."

Ya ce, "Direba, ka taɓa sayen mota a hoto?"

"Wannan daban."

"Ba daban ba ne. Kawo su."

"Sai yayar tana nan za a buɗe."

"To, a kawo su da yayar."

Na ce masa mai taurin kai. Ya ce ai a wurina ya koya. Wata huɗu 'ya'yana ba sa magana. Da Babba ta ga ba wata hanya, ta biyo mota ta zo.

Suka tsaya a shagon, kowace na kallon bango. Ya ɗora tsabar a sikeli, nauyinsu ɗaya. Ya maƙala gilashi, ya juya mai duhun, ya ajiye. Ya juya mai ƙyallin, ya daɗe.

Ya ce, "Wa ya dirje wannan?"

Ya karkata ta a hasken taga, ya ci gaba.

"Da toka ne. Ga layukan nan kamar an share tsakar gida. An cire mata fatarta ta asali." Ya nuna mai duhun. "Wannan ba a taɓa ta ba tun da aka buga ta. Ta fi waccan, nesa ba kusa ba."

Na ce, "Ni ne." Ban taɓa faɗin haka a gaban 'ya'yana ba.

Babba ta rufe fuska da mayafi. Can ta tura tata gaban Auta, ta ce, "Ɗauki wannan." Auta ta ce, "Riƙe abinki, Yaya. Tawa ta sha wankin mota." Har mai agogo ya yi dariya. Tare suka koma gida, a kujera ɗaya.

Kai ne ka ƙi ba ni abin da na roƙa, Mai Gilashi. Da ka ce duk ɗaya ne, da na dirje ta biyun ma, da Babba ba ta tako ba, da har yau zargi na cin 'ya'yana. Ido mai jiran hannu. Na gode, Allah Ya saka maka, Ya ba idonka lafiya.

Tebur bai mutu ba. Ƙanin matarsa, wanda ya shekara ashirin a gefensa, shi ne a kai yanzu, kuma shi ma ta gefe yake riƙe tsaba. Ku masu yanke hukunci a kan mutum ko kaya daga abin da aka turo muku a waya, ku yi koyi da shi. Ku je ku gani, ku riƙe.

Jiya 'ya'yan nawa suka raka ni gidansa, su biyu. Auta ta fito da waya, ta ce, "Kawu, gyara hula, za mu ɗauke ka a sa tare da rubutun Baba."

Ya ɗaga hannu ya ce, "A'a. Ba za ku ɗauke ni ba. Mai son ganina ya zo."