Feshin Injekta a Garejin Baffana

Jiya jikata ta ɗauko gwangwanin maganin sauro ta fesa a ɗakina, tsit, tsit, sai na ji hannuna na dama ya noƙe da kansa ya shige hammata. Ta yi dariya. Ita ba ta san dalili ba, amma kai mai karatu zan faɗa maka.

A Garwa ta ƙasar Kamaru na tashi, lokacin da shugaban ƙasa ɗan garinmu ne. Babana ya rasu ina ƙarami, sai wansa ya kwashe mu, ni da Inna, zuwa gidansa. Shi muke kira Baffa. Bakanike ne na manyan motoci, garejinsa wata rumfar kwano ce a hanyar kogi, ƙasarta baƙa ƙirin saboda mai. Gari ya san shi da gwaninta. Ni kuwa na san shi da zagi da ranƙwashi, kuma tun ban kai tsayin tayar kamiyo ba, wato babbar motar kaya, ya cusa ni cikin aikin.

In damina ta yi nisa kogin Binuwai ya cika, jiragen ruwa sukan hauro har bakin gari, kowane direba yana son motarsa ta kwashi kaya kafin ruwa ya janye. A lokacin ne zafin ran Baffa yake ninkawa. Mota za ta zo tana tari, tana baƙin hayaƙi, ya kasa kunne kaɗan ya ce injekta ce, wato ƙarfen nan da ke fesa wa inji man dizal, wanda muke kira gazuwal. Sai a kwance bututun mai, a sassauta noti, a yi ta girgiza kowace har ta saki, don dauɗar hayaƙi takan riƙe su gam. Ni ke jiƙa su a kwanon kananzir, in jera su kan tsumma yadda aka ciro su. Kuskure ka haɗa hancin wannan da allurar waccan, ranar sai kunnenka ya yi jini. Shi kuma ya zauna ya tsokace ƙananan ramukan da siririyar waya, ya goge, ya mayar.

Wurin gwaji ne abin ya ɓaci. Ba shi da na'ura. Yakan ɗaura injektar a bututunta a waje, ya sa direba ya murza inji, ya tara tafin hannu daga nesa ya ji laushin feshin. Wai ido yana ƙarya, fata ba ta yi. Tafinsa kuwa ya yi kanta kamar ƙasan takalmi.

Wata rana wani dillalin shanu ya tsaya masa a kai, yana ta mita a kan motarsa. Baffa ya fusata, ya waiwayo ya ga na ja da baya, sai ya damƙo wuyan hannuna.

“Matso nan, ragon banza! Yaushe za ka koya?”

Ya kai yatsana dab da hancin ƙarfen, ya ce a murza. Abin da na ji bai fi sukar ƙaya ba. Ɗan ɗigo ne fari a kan manuniyata, ko jini babu. Ya shafa mini man birki, ya ce in koma bakin kwano.

Kashegari yatsan ya kumbura, zogi har kafaɗa. Inna ta durƙusa a ƙofar ɗakinsa.

“Yaya, a taimaka a kai yaron nan lopital, likita ya duba shi.”

“Lopital a kan ɗan ƙwarzane? Ke kika lalata shi. Muddin ina gidan nan ba inda za shi.”

Wanzami ya kirawo aka yi mini sakiya. Abin da ya fito warin gazuwal yake yi, ashe mai ne ya huda fata ya shige nama yana cinsa. Da yatsan ya yi baƙi, zazzaɓi ya kayar da ni, Inna ta goya ni, ƙaton yaro da ni, ta fita ba ta nemi izinin kowa ba. Likitan ya yi ta yi mata faɗa da Faransanci, ita ba ta ji, tana kuka kawai. Ya yanke manuniyar da na kusa da ita, ya ce da an ƙara jinkiri hannun ne gaba ɗaya.

Da muka dawo, Baffa ya dubi bandejin ya ce da yatsa uku ma ana riƙe sifana. Ita kuma Inna ya daina karɓar gaisuwarta har ta bar duniya, wai ta raina shi. Wannan ya fi yatsun ƙona mini rai.

Yanzu garejojin Garwa suna da na'urar gwaji mai murfin gilashi, yara suna kallon feshi hannuwansu a aljihu. Tsofaffin direbobi kuwa har gobe cewa suke an yi asarar masu aiki irin Baffa, masu ji da fata. Ranar jana'izarsa liman ya roƙi duk wanda ya ɓata wa ya yafe masa, jama'a suka amsa, ban da ni. An sha yi mini nasiha a kan haka, kuma na san gaskiya ake faɗa mini. Na yi ƙoƙari. Amma kullum na zauna tahiya, mutanen sahu suka ɗaga manuniya, ni sai in ɗaga dungu, kuma fuskarsa nake gani.