Baba Mande da Gaurakin Augie

Duk wanda ya san surukina Dakta Mande ya san maganarsa guda: "Bari mu ga damina." Ko babur zai saya sai ya faɗe ta. Aikinsa ne ya bi shi har gida. In kamfani zai shimfiɗa faifan sola a wani fili, shi ake kira ya duba tsuntsaye da tsirran wurin, da rani da kuma damina, kafin ya sa hannu.

Ni kaina ban tsira ba. Da na je Gwadangaji neman auren 'yarsa Saratu, cikin zafin bazara, sai ya ɗaga madubin hangen nesan nan da ba ya rabuwa da wuyansa ya ƙare mini kallo, alhali ga ni zaune gabansa a tabarma!

"Yaro, na gane ka da rani. Bari mu gane ka da damina."

Wallahi sai da na yi masa dashen shinkafa, laka har gwiwa, sannan ya ce, "Bai gudu ba. A ba shi."

Kun tuna kan burtunsa? Wurin wani maharbi ya samo shi. Sai ya ɗaura a goshi kamar yadda maharba ke yi, ya bi ciyawa da rarrafe don kada tsuntsaye su tashi. Rannan a fadamar Argungu wani manomi ya narka masa hoge a ƙeya. Da Baba ya miƙe, mutumin ya rikice yana ta ba da haƙuri. Baba kuwa murna kamar an yi masa albishir: "Madalla! In kai ka yarda burtu na, su ma sun yarda!"

Babbar rigimarsa kuwa da kamfaninmu aka yi, inda nake injiniya. Mun sami fili bayan Augie, busasshe ƙayau, ko akuya ba ta tsayawa. Manajanmu ya ce, "Dakta, sa hannu mana, ai babu komai a nan."

"Awo, yanzu hwa. Kai in anka zo gidanka kana kasuwa, sai a ce kango na?"

Baba ya dage cewa gauraki na zuwa yin ƙwai a wurin, in aka rufe shi kuma sun tafi ke nan. Aka turo ni lallashi. Ya ce in gai da Saratu.

Ruwa na sauka filin ya zama tafki. Baba ya saka manaja a kwalekwale, ya kafa dokar kada wanda ya yi tari. Wayar manaja ta fara ruri, Baba ya karɓe ta ya zauna a kai. Can sai ga gauraki cikin ciyawa da tukkunsu, suna ta rawa. Manaja ya saki baki, har ya manta da wayar. A tudu aka shimfiɗa faifan.

Bana cikin bazara Baba ya rasu, bai ga ruwan fari ba. Da filin nan na bayan Augie ya sake cika da ruwa na kai Saratu wurin, madubinsa rataye a wuyanta. Gaurakin sun dawo, har da 'ya'yansu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta share ido ta ce, "Baba, mun ga damina."

Kai, na yi kewar tsohon nan. Allah ya jiƙan Baba Mande, ya sanyaya makwancinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Amin.