Ranar da Rahila ta yi gardama da Baba Audu

Ranaku da yawa sun ɓace mini cikin shekarun da na yi ina koyar da Faransanci, amma ban taɓa mantawa da wata Laraba ta watan Maris na 2007 ba, ranar da na sa Rahila ta ɗaga wa tsoho murya. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan kuna yawan tambayata abin da ya fi wuya wajen shirya ɗalibi. To ku saurara, ba nahawu ba ne.

Lokacin ina shugabar sashen harsuna a wata sakandaren gwamnati a nan Lafia. In an tashi, ƙarfe huɗu, sai in zauna da manya masu neman satifiket ɗin Faransanci wanda ake karɓa a ƙasashen waje. Ga wanda bai sani ba, matakai shida ne, daga A1, mai iya gaisuwa da taya doya a kasuwa, har zuwa C2, wanda ni kaina ban taka ba. Manyan makarantu B2 suka fi nema. Jarrabawar kashi huɗu ce: sauraro, karatu, rubutu da magana, kowanne maki ashirin da biyar, kuma sai mutum ya haɗa hamsin ya ci. A Abuja ake rubutawa, kuma ba a yarda malami ya jarraba ɗalibinsa ba.

Rahila ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a Obi. Ita ta karɓi haihuwar autana tun tana aiki a Lafia, daga nan ta zame mini ƙanwa. Ta samu gurbin kwas na shekara ɗaya a Senegal, da sharaɗin ta kawo B2 kafin ƙarshen Yuni, kuma zama ɗaya ya rage, na Afrilu. In ta faɗi, gurbin ya tafi. Sau uku a mako okada ke sauke ta a ƙofar makaranta, da farin yunifom ɗinta da ƙullin dafaffiyar gyaɗa da take kawo mini.

Rubutunta na da nauyi, saurarenta kuma sai a hankali, don rakodarmu ta fi cin kaset a kan kunna shi. Na duba na ga sai ta samu kusan ashirin a magana za ta tsira. Ban damu ba, bakinta zaƙi gare shi. A wannan kashin ɗalibi zai zari takarda mai ɗauke da batu, a ba shi rabin awa ya shirya, ya faɗi ra'ayinsa. Daga nan mai jarrabawa zai ƙi yarda da gangan, don ya ga ko zai iya kare kansa.

Saura sati uku, na gayyato Baba Audu, malamina da ya yi ritaya ya koma noma a Shabu, ya yi mata gwaji ranar Litinin. Batun ko a bar ɗalibai su riƙa zuwa makaranta da waya ta zara. Ta yi bayani tsaf, har ina jin kaina na kumbura. Baba ya ce sam bai yarda ba. Sai ta sunkuyar da kai ta ce gaskiyarsa ce. Ya juya ya ɗauki ra'ayinta na farko, ta sake cewa gaskiyarsa ce.

Baba ya ajiye biro ya dube ni. "Malama, wannan yarinya Faransancin shi ba matsala. Amma ko na ce Lafia yana cikin Ghana, zai ce haka ne. Tara zan ba shi, kuma na yi kirki."

"Anti, abeg," in ji Rahila, "yaya zan yi gardama da mai furfura? Ya girme baba na fa. A gidan mu ko ido ba a ɗagawa."

Raina ya ɓaci, amma da kaina nake fushi. Shekara ɗaya da rabi tana ce mini "haka ne, Anti", ni kuwa ina jin daɗi, na ɗauka ganewa ce.

Washegari na bi Baba gonarsa. Na gaya masa abin da Rahila ta taɓa faɗa mini mu biyu: yayarta Saratu ta rasu wajen haihuwa a gida, saboda manyan gidan sun ce ba a san su da zuwa asibiti ba. Abin da ya kai Rahila aikin ungozoma ke nan. Na faɗa masa abin da nake so ya yi.

Ya ce, "Malama, wannan mugunta ne."

Na ce, "Na sani, Baba."

Ranar Laraba na ninke takardu uku na ajiye a tebur, kuma batu ɗaya na rubuta a duka: haihuwa a gida ko a asibiti. Ta zara, ta shirya, ta yi bayaninta a natse. Sai Baba ya gyara zama, ya ce mata da Faransanci duk wannan surutu ne, uwarsa ta haifi tara a bayan ɗaki, macen da ta mutu kuma kwananta ne ya ƙare. Rahila ta sunkuya. Na ga ta damƙe biro. Ya ƙara da cewa manyan gida sun fi yarinya mai farin yunifom sanin abin da ya dace.

Ta ɗago kai ta dube shi ido cikin ido, ta ce a'a.

Minti goma ba ta tsaya ba. Ta ce ta yarda uwarsa ta yi sa'a, amma wa ke ƙirga waɗanda ba su yi ba? Ta bayyana yadda jini ke ɓallewa, da yadda ake neman mota a ƙauye a rasa. Ya buɗe baki ta katse shi. Kalmomi suka yi ta fitowa waɗanda ban san ta riƙe ba. A ƙarshe ta ambaci sunan Saratu, muryarta ta karye.

Sai ga ta a durƙushe gabansa. "Baba, ka yi haƙuri, baki na ne ya kuɓuce."

Idon Baba ya yi ja. "Tashi, 'yata. Ashirin da biyu."

Ta miƙe, ta buɗe sauran takardun biyu, ta karanta, ta dube ni. Ta ɗauki jakarta ta fita. Kwana huɗu ba ta ɗauki wayata ba, kuma ban ga laifinta ba. Ranar Litinin okada ya tsaya a ƙofa, ta ajiye mini gyaɗa a tebur, muka buɗe littafi.

Ta ci jarrabawar, ni na raka ta tasha ranar tafiyarta Senegal. Shekara ɗaya ta zama aiki a Chadi, Chadi ta zama Mali. Baba Audu ya rasu bai sake ganinta ba.

Da Kirsimetin 2010 na kira ta, kewa ta ishe ni. Na ce ta dawo gida haka nan, mamanta ta tsufa, matan Obi ma suna bukatarta.

Ta ce, "Anti, na ji maganan ki, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ban yarda ba."

Ta jero mini dalilai uku, kowanne da misalinsa, daidai yadda na koya mata. Na nemi inda zan kama ta na rasa. Da ina riƙe da biro, ashirin da biyar zan ba ta. Na kashe wayar na yi kuka.

Abin da na koya shi ne, satifiket ɗin nan ba yawan kalmomi kaɗai yake aunawa ba, har da ko mutum zai iya tsayawa kan maganarsa a gaban wanda ya girme shi. 'Ya'yanmu kuwa sunkuyar da kai aka tarbiyyantar da su. Ku fara koya musu gardama mai ladabi tun ranar farko, kada ku kai ga irin hanyar da na bi. Kuma ku shirya zukatanku, don in aikin ya yi kyau, tafiya za su yi. Ni dai har yau, in ƙarfe huɗu ta yi na ji okada ya tsaya a ƙofa, sai na ɗaga kai.