Mai Ɗinkin Rigunan Mahaya

Ranar babban tseren dawaki na Yuli a Greyville, kowa ya ci ado kamar shi ne ango. Ita kuwa tsohuwar nan tana jingine da shinge, gilashinta ya kai kaurin gindin kwalba, yatsunta duk sun yi kanta. Ba ta san sunan doki ko ɗaya ba. Da launin rigar mahayin da ya ci take tuna kowace shekara.

“Shekarar ja da fari muka yi aure,” take ce wa mijinta. “Shekarar shuɗiya aka haifi Zanele.”

“MaCele, bar ni in ji lasifika mana!”

Da alama ita ke ɗinka rigunan, kuma riga mai ruwan ɗorawa da wani mahayi ya sa yau ita ce ta ƙarshe, don ido ya gaji. Da lalube ta gama ta, tana tsoron kada ta yage gaban jama'a.

Dawakai suka wuce kamar aradu. Ta damƙe hannunsa.

“Baba, yaya tamu?”

“Na tara ya zo. Jaki ma ya fi shi.”

“Kai, wa ya tambaye ka doki? Kafaɗar rigar fa?”

Tsohon ya daɗe yana leƙe.

“Ko zare bai motsa ba.”

Sai a lokacin ta saki hannunsa.