Romon Gada daga Dajin Rugu

Ana sallame sallar asuba muka bar Ƙofar Durbi, ni da wani aminina mai sayar da huluna, da bakan mahaifina naɗe cikin tabarma. Dalilin tafiyar guda ne. Tsohon ya kwanta tun farkon damina, ya ƙi abinci, kullum sai ramewa yake, kuma ba abin da bakinsa yake ambata sai romon gada. Maharbi ne a zamaninsa, a wajensa na koyi jan baka kafin keken ɗinki ya zaunar da ni. Na yi masa alkawarin ba zan dawo hannu rabbana ba.

A Ƙofar Kwaya muka samu akori-kura, muka matsu tsakanin buhunan gishiri da wata akuya mai ƙorafi. Bara war haka, lokacin soja, wa zai kuskura ya ratsa shinge da kwari da baka? Yanzu da mulki ya koma hannun farar hula, ɗan sanda ɗaya muka tarar bayan Batagarawa, ya leƙa tabarmar ya ce, "Malam, ai yaƙin ya ƙare," ya ɗaga mana hannu. Kuɗin mota ne dai bai ji labarin canji ba. Fasinjoji suka yi ta musu kan ko sababbin shugabanni za su cike ramukan hanya, mu kuwa muka duƙufa kan dafaffiyar gyaɗa, wadda a can ta fi ta birni araha da zaƙi.

Da hantsi muka sauka wani ƙauye a bakin dajin Rugu, gidan baffana, ƙanin Baba. Bayan doguwar gaisuwa da fura mai nono, ya kai mu wata ɗinya da take zubar da 'ya'ya, ga sawun gada birjik a ƙarƙashinta. Gada ba ta da ƙarfi, hancinta da kunnenta su ne garkuwarta. Ga shi ban shafa wa kibiya dafi ba, tunda majinyaci zai ci naman, don haka dole sai ta zo kusa ƙwarai.

Ba mu hau ɗinyar ba. Na watsa toka na ga inda iska ta nufa, na zaɓi wata tsamiya da iskar take iskowa bayan ta wuce ɗinyar. Muka ɗaura itatuwa a rassanta muka yi gado, muka naɗe mahaɗan da tsumma don kada su yi ƙara. Sai aikin aminina. Bawan Allahn nan ko kasuwa ba ya zuwa ba turare, hularsa kaɗai ta isa ta sanar da dajin duka. Muka tuɓe masa ita, muka turara rigunanmu da hayaƙin kashin shanu. Ya shinshina hannun rigarsa ya ce, "In mai ɗakina ta ji wannan, a zaure zan kwana."

Bayan la'asar muka hau, muka jingina da jikin tsamiyar don kada surarmu ta fito a sarari. Rana ta yi sanyi sai ga gada, 'yar ja-ja, tana taku tana tsayawa. Ina jiran ta sunkuya sai ragowar tokar nan da ke hannuna ta shiga mini hanci. Na danne atishawar cikin hannun riga, ta fita a hankali, har gadar ba ta ɗago ba. Amma baki ya saba, na ce alhamdu lillahi can ƙasa-ƙasa. Aminina kuwa, ɗan gidan malamai, bai san lokacin da ya amsa da cikakkiyar murya ba: "Yarhamukallah!"

Ko ƙurarta ban gani ba.

Raina ya ɓaci sosai, muka koma gida muka ba da labari. Baffa ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce, "Ladan dai ya samu, nama ne ya tahi." Ya ce mu haƙura mu sayi ɗan akuya, wa zai gane? Na ce Baba zai gane, ni ma na sani.

Gadar da ta ji murya daga sama, gobe sama za ta fara duba. Saboda haka da safe muka kwance gadon muka mayar kan wata kanya mai duhun ganye, muka zagaya ta bayan daji don kada mu taka hanyarta. Aminina da kansa ya ce zai zauna gida ya taya ni da addu'a daga nesa.

Na hau ni kaɗai. Cinnaku suka same ni, ƙafata ta mutu, ban motsa ba. Da gadar ta zo, sai ta tsaya ta ƙura wa tsohuwar tsamiyar ido, ta daɗe. Ban kalle ta kai tsaye ba, ta gefen ido nake bin ta. Sai da kanta ya shiga bayan wani kurmi na ja baka, na riƙe ina jira. Ta fito ta sunkuya kan ɗinya. Na yi bisimilla a zuci na saki. Na sauko da wuƙa na yanka ta kafin rai ya fita.

Baffa ya yi mana bandar naman, muka kamo hanya da sassafe. A mota na yi ta tunanin cewa harbin kansa ƙiftawar ido ne, aikin duka yana wajen iya riƙe jiki da baki, kuma wanda bai samu yau ba, wurin zama zai canja.

Muna isa Katsina aka ɗora tukunya. Na tallafo Baba na kai masa ludayi baki. Ya kurɓa, ya sake kurɓa.

"Wagga ba ta gan ka ba," in ji shi. "Naman da ya firgita tauri gare shi."

Hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba. Ya ture hannuna ya karɓi ludayin da kansa, ya ce a matso masa da kwanon.