Tukwanen da ba su je Turai ba

Jiya a Sabon Gari na ji warin narkakken alminiyam, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Tukwane yake zubawa, ana kai su Katsina da Chadi. Na taɓa ce masa ya yi masu ƙyalli mu kai Turai.

Ya share gumi da gefen riga, ya ce, "Ɗana, mai aljihu irin namu shi ke sayen tukunyarmu. Bature da itace yake girki?"

Ban ji ba. Bayan rasuwarsa na sayar da gonata ta Jiratawa, na zuba su. Shekara uku suna jibge a zaure, na gaji da goge su.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya sa ka huta.